Wane Faran Ake Nufi? Kundin Aikin Darussan Tarihin Kuɗin Faransa

8 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda Malama ta ce in ba mu riƙa rubuta abin da muka yanke ba, nan da wata biyu za mu dawo muna gardama a kan abin da muka riga muka gama. Mu uku ne a aikin: ni da nake koyar da tarihi a nan Damagaram, da Malama mai aikin ɗakin karatu a Kano, sai ɗan yayata da ke riƙe mana ɓangaren kwamfuta. Mun sa darussa 24 a gaba, duk da Hausa, a kan tarihin kuɗin Faransa, tun daga faran na farko na 1360 har zuwa 2002 da yuro ya maye gurbinsa. Kowane darasi na da rubutu, da murya ta kamar minti goma, da hoton tsaba ko takardar kuɗi, da tambayoyi a ƙarshe.

Da na ɗauka rubutun shi ne aikin. Malama ta ce a'a, kowane darasi sai an yi masa kati, abin da masu sana'arsu ke kira metadata: sunansa, wanda ya yi shi, harshensa, ajin da ya dace da shi, da abin da yake magana a kai. "Malam," in ji ta, "littafin da ba shi da kati ɓatacce ne, ko da yana kan kanta kana ganinsa."

Mun zaɓi ma'aunin LOM, wato tsarin cike katin kayan koyo, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 2002 da lamba 1484.12.1. Yana da rukuni tara: bayani na gaba ɗaya, tarihin yin darasin, bayanin katin kansa, fasaha, koyarwa, haƙƙin mallaka, dangantaka da wasu darussa, sharhin masu amfani, da rarrabewa. Faransawa sun gyara shi ya dace da su a 2006, suka kira nasu LOMFR, daga baya kuma suka fitar da ScoLOMFR domin makarantun firamare da sakandare. Na so mu ɗauki wannan na ƙarshe, tunda ajujuwanmu na Nijar sunayen na Faransa suke ɗauke da su. Malama ta tuna mini cewa yaron Kano bai san wani aji mai suna tarminal ba. Muka tsaya a kan LOM na asali, shekarun ɗalibi kawai za mu rubuta.

15 ga Janairu

Darasi na ɗaya ya kammala. Ingilishi sun kama Sarkin Faransa Jan na Biyu a yaƙin Poitiers a 1356, aka yanka masa kuɗin fansa tsabar zinariya miliyan uku. Da ya dawo gida ya ba da umarni, ran 5 ga Disamba 1360, a buga sabuwar tsabar zinariya mai nauyin giram 3.88, da hotonsa bisa doki, takobi a zare. Ita ce faran ta farko, kuma darajarta liba ɗaya ce ta lissafi, wato "su" (sou) 20, wato diniye 240. Wannan rabon na 20 da 12 ba baƙo ba ne ga dattawan Najeriya, shi ne na fam da sule da kwabo.

Matsala ta farko ta fito daga kwanan watan. A 1360 Turai na kan tsohuwar kalandar Juliyas, Faransa ba ta koma ta Giregori ba sai Disamban 1582. Ɗan yayata ya ce ma'aunin rubuta kwanan wata na ISO 8601 yana mayar da kalandar Giregori baya har zamanin da ba a ƙirƙiro ta ba, don haka 5 ga wata za ta koma 13. Malama ta buɗo takardar LOM ta nuna masa: ita ta ce duk ranar da ta gabaci 15 ga Oktoba 1582 a bar ta a lissafin Juliyas. Ma'auni biyu, rana ɗaya, tazarar kwana takwas. Mun bar 5 ga Disamba, kamar yadda take a littattafan tarihi, muka rubuta dalili a gefe.

22 ga Janairu

Hazo ya rufe gari, intanet ma kamar ta sha ƙura. Ƙaramin aiki muka yi. A Nijar muna rubuta ƴ, a Najeriya suna rubuta 'y, kuma injin bincike bai san abu ɗaya ba ne. Haka wanda wayarsa ba ta da ɗ zai buga "kudi", ba zai samu "kuɗi" ba. Mun yanke cewa a gurbin kalmomin nema za mu zuba duka siffofin. Lambar harshe kuma "ha" kawai, ba ha-NE ba, ba ha-NG ba. Ban ga dalilin shata iyaka a kan kati ba.

3 ga Fabrairu

John Law. Wannan darasin na fi jin daɗin rubutawa, shi ya sa ma ya yi tsawo har sai da Malama ta sa na rage shi.

Sarki Luwi na 14 ya mutu a 1715 ya bar baitulmali cikin bashi har wuya. Sai ga wani ɗan Sikotlan, gwanin lissafi kuma gwanin caca, ya shawo kan mai riƙon sarauta, Filip na Orleyan, cewa abin da ke damun Faransa ƙarancin kuɗi ne a hannun mutane, kuma takarda za ta iya yin aikin zinariya. A 1716 ya buɗe bankinsa, a 1717 ya kafa kamfanin cinikin Luwiziyana, yankin da Faransa ke mulka a Amurka, a 1718 bankin ya zama na sarki, a 1719 kamfanin ya haɗiye sauran kamfanonin cinikin ƙetare. Dabarar ita ce masu bin gwamnati bashi su karɓi hannun jarin kamfani a madadin bashinsu. Banki na buga takarda, mutane na sayen jari da takardar, farashin jari na hawa, banki na ƙara bugawa. Jarin da aka fitar a kan liba 500 ya kai wajen 10,000. A wani ɗan lungu na birnin Faris mai suna Kenkamfuwa ake cinikin, bawa da ubangidansa na gogayyar kafaɗa. A Janairun 1720 aka naɗa Law shugaban kuɗin ƙasa, kafin shekarar ta ƙare ya gudu daga Faransa. Ya mutu a Banis a 1729.

Gardamar yau a kan gurbi na 5.8 ne, mai tambayar wahalar darasi. Zaɓi biyar ne, daga mai sauƙi ƙwarai zuwa mai wuya ƙwarai. Ni na sa mai sauƙi, domin duk yaron da ya taɓa ganin adashin yaudara ya watse a unguwarsu zai gane labarin nan take. Malama ta ce labarin ne mai sauƙi, amma tambaya ta huɗu, wadda ke neman ɗalibi ya bayyana yadda bashi ya rikiɗe ya zama jari, ko ɗan jami'a sai ya yi gumi. Tana da gaskiya. Muka sa matsakaici, wanda a ganina shi ne maɓoyar duk wanda ya rasa abin cewa. Akwai kuma gurbi na 5.4, wai yawan ma'anar da aka cusa a cikin darasi. Wannan mun bar shi fanko, kuma haka zai zauna.

14 ga Fabrairu

Takardun asinya na zamanin juyin juya hali. A Nuwamban 1789 majalisa ta ƙwace filayen coci, a Disamba ta fitar da takardun liba miliyan 400 waɗanda filayen ne jinginarsu. Yaƙi ya zo, aka yi ta bugawa har adadin ya kai wajen biliyan 45, takarda ta zama ba ta sayen komai. Ran 19 ga Fabrairu 1796 aka lalata faranten buga su a bainar jama'a a dandalin Bandom. A jikin da yawa daga cikinsu an rubuta cewa doka ta yanke kisa ga mai yin jabu, ƙasa kuma za ta saka wa wanda ya tona shi. Ban san mai jabun da ya yi wa asinya ɓarnar da maɗaba'ar gwamnati ta yi mata ba.

Hoton takardar daga Gallica muka ɗauko, taskar intanet ta Babban Ɗakin Karatun Faransa, wadda ta yarda a yi amfani da irin waɗannan hotuna kyauta in ba kasuwanci za a yi ba, muddin an faɗi inda aka samo. Mun rubuta haka a rukuni na shida, muka sa lambar ARK ta hoton, wato lambar shaidarsa a taskar, a rukunin dangantaka.

A nan LOM ta burge ni. Tana da gurbin harshe har uku: harshen abin da kansa, harshen katin, da harshen wanda zai koya. Takardar asinya da Faransanci take, katinta da Hausa, ɗalibin Bahaushe. Duk wanda ya tsara wannan ya san akwai irinmu a duniya.

24 ga Fabrairu

Kwana huɗu a kan kwanan wata guda.

Dokar da ta kafa faran ɗin Jarminal, wanda ya yi shekara fiye da ɗari bai motsa ba, wasu littattafan sun ce ta 7 ga Jarminal shekara ta 11 ce, wasu sun ce ta 17. Dukansu ba su yi ƙarya ba: an zartar da ita ran 7, aka ƙaddamar da ita bayan kwana goma. Sai kuma mayar da ranar zuwa kalandar da muka sani. Masu juyin juya hali sun yi tasu kalandar, wata goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, tana farawa daga 22 ga Satumba 1792, Napoleon ya soke ta daga 1 ga Janairu 1806. Na ga inda aka rubuta 27 ga Maris 1803, na ga 28. Na zauna da takarda da biro na ƙirga da kaina. Shekara ta 11 ta kama ran 23 ga Satumba 1802, Jarminal shi ne wata na bakwai, ke nan an ci kwana 180 kafin ya tsaya, ya faɗa 22 ga Maris. Bakwai ga wata ta zama 28 ga Maris, sha bakwai ta zama 7 ga Afrilu. Na gwada lissafin da dokar 24 ga Jarminal, wadda ta ba Bankin Faransa ikon buga takardar kuɗi a Faris shi kaɗai, ya ba ni 14 ga Afrilu, daidai da abin da aka sani.

Shekara nawa ina koyar da wannan doka a aji, ina cewa "a 1803" in wuce. Gurbin kati ne ya tsare ni ya ce wace rana.

Abin da dokar ta ce: faran ɗaya giram biyar ne na azurfa, kashi tara cikin goma tsantsa. Zinariya kuma an ƙayyade ta ninki 15 da rabi na azurfa. Daga nan aka samu tsabar faran biyar mai giram 25, da ta zinariya ta faran 20 mai giram 6.45. A kan wannan awo ne Faransa da Beljiyam da Italiya da Suwizalan suka haɗa kuɗinsu ran 23 ga Disamba 1865, Girka ta shigo a 1868.

10 ga Maris

Azumi, aiki ya ja baya. Darussa 13 sun kammala da katinsu.

Jerin matsayin masu hannu a darasi da LOM ta tanada ya kai goma sha biyar: marubuci, mawallafi, edita, mai zane, mai tantancewa da sauransu. Babu mai fassara. Babu mai karanta murya. A aikinmu kuwa waɗannan biyun su ne ƙashin baya, domin rabin ɗalibanmu da kunne za su koya. Malama ta aro lambobi biyu daga jerin MARC na ɗakunan karatu, trl na mai fassara da nrt na mai karantawa. LOM ta yarda a kawo jeri daga waje muddin an ambaci tushensa.

7 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Kafin ita ɗan yayata ya buɗe ƙofar OAI-PMH, hanyar da wasu taskoki ke bi su kwashi katunan juna, sai wata taskar jami'a ta kwashi namu don gwaji. Ya kira ni yana dariya.

"Kawu, albishirinka. Kai ne marubucin Hausa mafi tsufa a duniya. An ce ka wallafa darasinka a 1803."

Ga abin da ya faru. Wannan hanya ta wajabta a ba da kati a sigar Dublin Core, ma'aunin da aka faro a 1995 a garin Dublin na jihar Ohayo a Amurka, ba na Ailan ba. Gurbi 15 kacal gare shi. LOM ɗinmu mai gurabe sama da sittin sai an matse ta ta shiga ciki, kamar a juye buhu a kwano. Wajen matsewar, shi yaron ya tura kowane kwanan wata zuwa gurbin kwanan wata, har da na zamanin da darasin ke magana a kai, alhali wannan gurbinsa daban ne a duka ma'aunan biyu. Laifin namu ne. An gyara. Amma na lura da abin da ya zube a hanya ba a iya kwashewa: shekarun ɗalibi, tsawon lokacin koyo, wahala, duk babu mazauninsu a gurabe goma sha biyar ɗin.

21 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, kwamfuta na kashe kanta da rana, sai bayan isha'i nake aiki. Amma wannan makon ne na gane inda aikin nan ya dosa.

Ina duba tambayoyin darasi na 17 sai na ga na rubuta "faran dubu" ba tare da shekara ba. Na koma baya, na tarar na yi haka a wuri takwas. Wane faran? Na Jarminal yana ɗauke da miligiram 290 na zinariya tsantsa. A Agustan 1914 aka dakatar da canza takarda da zinariya saboda yaƙi, kuma bayan yaƙin Faransawa sun yi shekara goma suna jiran a koma tsohon awo. Ran 25 ga Yuni 1928 firaminista Puwankare ya yanke: faran ya zama miligiram 65.5 na zinariya mai kashi tara cikin goma, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na na da. Tunda mutane na ƙirga faran a matsayin su ashirin, sai suka laƙaba masa "faran mai su huɗu". Wanda ya ba gwamnati rancen zinariya kafin yaƙi, da wannan aka biya shi. A 1936 gwamnatin Leyon Blum ta sake karya shi, aka ci gaba da karyawa bayan yaƙi na biyu. Da Janar De Gol ya dawo mulki a 1958, shirin Pinay da Rueff ya rage darajarsa da kashi 17.55 cikin ɗari, sannan daga 1 ga Janairu 1960 aka goge sifiri biyu: tsohon faran ɗari ya zama sabo ɗaya. Wannan sabon ne aka ɗaure da yuro a kan 6.55957.

Suna ɗaya, kuɗi aƙalla biyar. Kuma babu gurbi ko ɗaya a LOM, ko Dublin Core, da ke tambayar da wane kuɗi aka yi lissafin da ke cikin darasi. Ma'aunin lambobin kuɗaɗe na ISO 4217 yana da FRF ta faran ɗin Faransa, da XOF na sefar yamma, da XAF ta tsakiya, amma bai san liba ba, bai san asinya ba, bai raba Jarminal da Puwankare ba. Lambar Dewey ta 332.4944, ta tsarin jera littattafai a ɗakin karatu, kuwa duk a tukunya ɗaya ta zuba su.

Na ce a ƙara sabon gurbi. Malama ta hana. Ta ce duk gurbin da muka ƙirƙira, mu kaɗai za mu san shi, taskar da ta kwashi katinmu za ta watsar. Shawararta ita ce mu yi ɗan jerinmu na kuɗaɗe, kowanne da shekarar farawa da ta ƙarewa da awonsa, mu rataya shi a rukuni na tara, inda LOM ta ba kowa damar kawo nasa tsarin rarrabewa. Da aka matse zuwa Dublin Core sai ya faɗa gurbin maudu'i, bai ɓace ba. Jerin ya tsaya a guda tara: liba, takardar Law, asinya, faran na 1795 da ya gaji liba, na Jarminal, na Puwankare, tsohon faran na 1936 zuwa 1959, sabon faran, da sefa. Faran na 1360 mun sa shi ƙarƙashin liba, tunda tsaba ce, ba kuɗin lissafi ba. Ban gamsu da wannan ba gaba ɗaya, amma na sa hannu.

Doka kuma daga yau: ba a rubuta adadin kuɗi a darasi sai da shekara a gefensa.

5 ga Mayu

Na gwada darasi na 21 da ɗalibaina, na sefa. An ƙirƙiro ta ran 26 ga Disamba 1945, ranar da Faransa ta amince da yarjejeniyar tsarin kuɗin duniya ta Bretton Woods, a kan faran 1.70 na Faransa. A 1948 ta koma faran biyu. Da aka goge sifiri biyu a 1960 sai lissafin ya juye, sefa 50 ta zama sabon faran ɗaya, ba don an taɓa ta ba. A Janairun 1994 a Dakar aka raba darajarta biyu, ta zama 100. Shi ya sa yuro yake 655.957: lambar faran ce aka matsar da ɗigo.

Na ba su lissafi, suka yi shiru. Sai wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, a dala nawa ke nan?" Ajin ya farka. Mu a kasuwa ba mu ƙirga tamma, dala muke ƙirgawa, tamma biyar-biyar, jika kuma dala ɗari biyu. Sunan ya samo asali daga tsabar azurfa ta Mariya Tereza, ya koma kan tsabar faran biyar da Faransawa suka shigo da ita, wadda awonta na giram 25 dokar Jarminal ce ta tabbatar da shi. Da na ce musu yuro ɗaya dala 131 ne da 'yan kai, kowa ya rubuta. Na ba su labarin tsofaffin Faransawa da suka yi shekaru bayan 1960 suna ƙirga kuɗin gida da na mota da tsohon faran, suka ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Na gaya wa Malama a waya. Ta ce to dala ta shiga jerin, amma a matsayin wani sunan ƙirga a ƙarƙashin sefa, kada ɗalibin Kano ya ɗauka dalar Amurka ce. Mun ƙara wannan gargaɗin a bayanin katin.

19 ga Mayu

Darussa 22 sun kammala. Saura na mayar da Bankin Faransa hannun gwamnati, bisa dokar 2 ga Disamba 1945, haɗe da 'yancin da aka ba shi a 1993, sai na ƙarshe, wanda zai tsaya a 17 ga Fabrairu 2002, ranar da faran ya daina karɓuwa a kanti. Ina so in kai shi 17 ga Fabrairu 2012, ranar ƙarshe da bankin ya canza wa mutane tsofaffin takardu, amma hakan zai sa mu gyara shekarun da muka rubuta a katin tarin gaba ɗaya.

Ɗan yayata ya kawo sabuwar magana: injinan bincike ba sa karanta LOM, kalmomin LRMI, wani ma'aunin bayanin kayan koyo, da aka shigar a 2013 cikin schema.org, kundin kalmomin bayyana shafukan intanet, su suke gani, don haka yana so ya fitar da kati na uku daga na farko. Malama ta yarda, da sharaɗin hannu ba zai taɓa shi ba, inji ne zai juya, kuma ita za ta duba biyar na farko da idonta saboda abin da ya faru a Afrilu.

Gurbi na 4.2, girman fayil, ya nuna muryar darasin John Law ta kai megabait 14. Ɗalibaina ba za su sauke wannan da kuɗin katinsu ba. Za a matse duk muryoyin zuwa ƙasa da megabait uku kafin Laraba, sannan a sake cike gurbin a katuna 22.